Yadda Ake Zaɓar Faifan Riƙe Soso Na Injin Folish Mai Motsi Biyu

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su fitar da ƙyalli a jikin mota: injin, soso, da faifan da ke tsakaninsu. Mutane kan kashe kuɗi a kan na farko da na biyu, shi kuwa faifai duk wanda hannu ya kai gare shi a shago shi ake ɗaurawa. Daga nan sai a fara jin ƙorafi: injin ba shi da ƙarfi, yana kashe hannu da jijjiga, soso na narkewa a tsakiya. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, faifan ne bai dace da shi ba.

Kafin a shiga batun zaɓi, ya kamata a san abin da faifan ke yi. Injin mai motsi biyu, wanda 'yan sana'a ke kira DA, ba ya juya faifai kai tsaye kamar injin rotari mai motsi ɗaya. Motar cikinsa tana juya wani ƙarfe ne da aka karkatar da tsakiyarsa gefe guda, faifan kuma yana zaune a kan boris a wannan gefen. Saboda haka faifan yana shawagi a ƙaramin zagaye, sannan ƙarfin shawagin ne ke sa shi ya riƙa juyawa a kan kansa. Juyawar ta biyu ba dole ba ce, ba giya ke turata ba. Idan aka danne da yawa, ko soso ya yi faɗi, ko ya jiƙe da man folish ya yi nauyi, sai ta tsaya, injin ya ci gaba da karkarwa a wuri ɗaya ba ya cin komai. Kusan duk abin da za a faɗa game da faifai yana komawa ne ga wannan: a samu wanda zai bar soso ya ci gaba da juyawa, a kwance, ba tare da zafi da jijjiga sun yi yawa ba.

Fara da mahaɗi

Tambayar farko ba ta girma ba ce, ta yadda faifan ke kama injin ce. Idan an kuskure a nan, sauran bayanin ba shi da amfani.

Injinan da shawaginsu bai wuce milimita 8 ko 9 ba, irin su Porter Cable 7424XP, Meguiar's MT300, DAS-6 da ɗimbin waɗanda aka ƙera a kan fasalinsu, suna amfani da zare mai suna 5/16-24. Faifan ne ke ɗauke da kusa mai zare a bayansa, ana murɗa ta cikin ramin da ke bakin injin. Ma'anar lambar ita ce kaurin kusar kashi 5 cikin 16 na inci, wato milimita 7.94, kuma akwai haƙora 24 a kowane inci. Wannan shi ne mahaɗin da ya fi yawa a kasuwa, faifansa ya fi sauƙin samu, kamfanoni irin su Lake Country da Meguiar's duk suna yin sa.

Injinan dogon shawagi, masu milimita 12, 15 ko 21, irin Rupes BigFoot na Italiya da masu kwaikwayonsa, nasu tsarin daban ne. Faifan ba shi da kusa a jikinsa. Yana da rami a tsakiya, a bayansa kuma akwai gurbi mai gefe biyu a miƙe wanda ke zama a kan bakin sandar injin, sannan a ɗaure da kusa, yawanci M8, daga ta fuskar faifan da alanki. Gurbin nan ne ke hana faifan zamewa a kan sandar, kuma siffarsa ba ɗaya ba ce a kowane kamfani. Faifai na iya kasancewa na M8 amma gurbinsa ya ƙi shiga, ko ya shiga yana lilo.

Ga tarkon da ya fi kama mutane: M8 kaurinsa milimita 8 ne, 5/16 kuma 7.94, da ido ba za ka raba su ba. Bambancin yana cikin tazarar haƙora. Na M8 na yau da kullum milimita 1.25 ne tsakanin haƙori da haƙori, na 5/16-24 kuma kusan 1.06. Idan ka murɗa ɗaya cikin ramin ɗaya, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sumul, sai ya cije. Mai gaggawa sai ya ɗauko sifana ya ƙarasa da ƙarfi, ya cinye zaren da ke cikin sandar injin, abin da faifan 'yan kuɗi kaɗan ya jawo ya koma canjin sanda da boris. Hanyar ganewa mai sauƙi: ɗora rula a kan kusar ka ƙirga haƙoran da ke cikin santimita ɗaya. Idan takwas ne, M8 ce. Idan tara da ɗan ɗori ne, 5/16-24 ce. Kuma kowace kusa da ta dace, da yatsu za ta shiga har ƙarshe. Wadda ta nemi sifana tun daga zagaye na biyu ba tata ba ce.

Faifan injin rotari kuwa kada ma a kawo shi kusa. Shi rami mai zare ne da shi, M14 a injinan Turai da mafi yawan waɗanda ake samu a kasuwanninmu, 5/8-11 a na Amurka. Ana sayar da wani ƙarfen haɗi da ke mayar da wannan zuwa wancan, amma ban ba da shawararsa a kan DA ba. Yana ƙara nauyi, yana kuma nesanta faifan da boris, nisan kuma shi ke ninka jijjiga.

Akwai rukuni na uku, injinan da giya ke tilasta wa faifansu juyawa, kamar Flex XC 3401 na Jamus. Faifan wannan yana da haƙoran giya a bayansa, babu wani faifai da zai hau shi sai wanda aka yi dominsa. Ya zo da na milimita 140, akwai kuma ƙarami na 115. Mai irin wannan injin ba shi da dogon zaɓi, sai dai ya kula da zoben auduga da ke bayan faifan, ya riƙa ɗiga masa mai kaɗan kada ya bushe.

Woshar nan 'yar ƙarama

A injinan 5/16 akwai wata wosha siririya, ta roba mai tauri ko ta fiba, da ke zama a kan kusar tsakanin faifai da bakin injin. Sabon faifai kan zo da ita, wani lokaci a manne, wani lokaci a sake cikin leda, kuma ita ce ta fi saurin ɓata a lokacin canji, ta faɗi ƙasa ba a gani ba. Aikinta shi ne ta ɗaga faifan kaɗan don kawunan ƙusoshin da ke bayansa kada su goga da ƙarfen balas, wato ƙarfen da ke bayan faifai yana kashe jijjiga. Idan babu ita, ƙarfe zai ci ƙarfe, za ka ji ƙara, zafi ya bi kusar ya sauko tsakiyar faifan, cikin 'yan mintuna roba ta fara wari. Faifai da yawa da aka jefar da sunan jabu ne, rashin wosha ne ya kashe su. Ajiye biyu ko uku a akwatin aiki. Guda ɗaya ake sawa, sai idan faifan har yanzu yana taɓa wani abu a saka ta biyu, amma a tabbata kusar ta samu isasshen zare da ya shige ciki.

A injinan Rupes masu dogon shawagi lamarin ya sha bamban. An yi musu wani baki na roba da ke taɓa bayan faifan da gangan, don ya rage gudun juyawa idan an ɗaga injin daga kan mota. Wasu na saka wosha su raba faifan da wannan robar don ya ƙara juyawa. Yana aiki, amma idan ka ɗaga injin yana kunne soso na iya yin gudun da zai yage shi ko ya yi jifa da shi. Abin da ya fi aminci shi ne a shafa ɗan giris na silikon a inda robar ke taɓa faifan, a riƙa sabunta shi idan ya bushe. A lokacin hunturu ƙura na manne wa giris ɗin ta zama kamar sanfefa, don haka a goge tsohon tas kafin a shafa sabo.

Girma: babba ba shi ne sauri ba

Girma uku ne suka fi yawa: milimita 75, 125 da 150, wato inci 3, 5 da 6. Hankali na ba mutum cewa babban faifai zai gama mota da wuri tunda ya fi rufe wuri. A injin mai shawagin milimita 8 akasin haka ne ke faruwa.

Fuskar faifan 125 tana da faɗin kusan santimita murabba'i 123, ta 150 kuma kusan 177. Ƙarin milimita 25 kacal ya kawo ƙarin fili kashi 44 cikin ɗari. Idan ka danna da nauyin kilo 5, kowace santimita a ƙarƙashin ƙaramin tana samun kusan giram 41, a ƙarƙashin babban kuma giram 28. Ke nan cin ya ragu. Sannan bakin babban soso ya fi nisa da tsakiya, ko ya ɗan taɓa wani tudu ko kwarin jikin mota sai ya zama birki, juyawa ta tsaya. A kan rufin mota ko bonet mai faɗi ba za ka lura sosai ba. Da ka sauko kan fenda, ko ƙofa mai layi a tsakiya, ko bamba, za ka ga rabin lokacin injin karkarwa kawai yake yi.

Don haka ga mai injin milimita 8 ko 9, faifan 125 shi ne na aikin yau da kullum, ko da kuwa injin da na 150 ya zo. Na 150 a bar shi don shafa kakin ƙyalli, inda ba a buƙatar ci, ko don manyan motoci masu jiki a shimfiɗe kamar bas da motar ɗaukar kaya. Na 75 kuma na lungu ne: ginshiƙan gilashi, kewayen lamba, ƙasan madubi, bamba, fitilun gaba, tankin babur. Fuskarsa santimita murabba'i 44 ce kawai, wato kilo 5 ɗin nan ya koma sama da giram 110 a kowace santimita. Zafi na taruwa da sauri a nan, musamman a kan bamba ta roba wadda ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Rage gudu zuwa lamba 3 ko 4, rage dannawa, kada ka tsaya wuri guda. Kiliya, wato shafen ƙyalli marar launi da ke saman fentin kamfani, yawanci ba ta wuce kaurin maikiron 40 zuwa 50 ba (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), kuma abin da aka cinye ba ya dawowa sai an sake fesawa.

Wani abin lura da faifan 75 a kan babban injin: murfin injin da ƙarfen balas sun fi soson faɗi. Idan ka shiga lungu, jikin injin ne zai fara dukan mota kafin soso ya kai. Riƙa kallon murfin, ba soson kaɗai ba, ka kuma manna salatif a kan duk wani gefe da zai iya taɓawa.

Injinan dogon shawagi an gina kowanne a kan girma ɗaya. Rupes LHR15 na faifan 125 ne, LHR21 na 150, ƙaramin LHR75E kuma na 75. Akwai masu saka 125 a kan injin milimita 21 don ƙarin ci, yana hawa, amma ƙarfen balas ɗin ba don shi aka auna ba, sai dai idan kamfanin injin ya rubuta cewa yana ɗaukar duka biyun. Faifan 75 kuwa a kan injin 15 ko 21 kuskure ne tsantsa. Shawagin ya yi wa soson yawa, jijjiga za ta yi tsanani, bakin faifan kuma zai riƙa kai wa wurin da ba ka nufa ba. Mai buƙatar aikin lungu ya nemi ƙaramin inji daban.

Nauyi, abin da ba a rubutawa a kwali

A bayan faifai akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa a ɓangaren da ke kallon faifan, shi ne ƙarfen balas. An auna shi ne daidai da nauyin faifai da soson da kamfani ya zaɓa, don idan faifai ya yi gabas shi ya yi yamma, su kashe jijjigar juna. Duk giram ɗin da ka ƙara ko ka rage a faifai, hannunka ne zai biya.

Lissafin ya fi yadda ake zato. A injin mai shawagin milimita 21 da ke gudun zagaye 4,500 a minti, bambancin giram 20 kacal yana haifar da fizga mai ƙarfin kusan kilo 5, tana sauya gefe sau 75 a kowace daƙiƙa. A injin milimita 8 mai gudun 6,000, giram 20 ɗin nan na ba da fizgar sama da kilo 3. Wannan ce ke sa yatsu su mutu bayan awa ɗaya ana aiki, ita ce kuma ke cinye boris kafin lokacinsa. Wanda yake wannan sana'a kullum bai kamata ya ɗauki mutuwar yatsu da wasa ba, doguwar jijjiga tana lalata jijiyoyin hannu.

Maganin ba wuya. Cire faifan da injin ya zo da shi, ɗora shi a kan ƙaramin sikeli mai nuna giram, rubuta nauyin a jikin akwatin injin. Duk lokacin da za ka sayi wani mai girma ɗaya, nemi wanda ya fi kusa da wannan lambar. A ganina, a injin dogon shawagi bai kamata bambancin ya wuce giram 10 ba. Injin milimita 8 ya fi haƙuri, shi ya sa yake karɓar girma uku. Porter Cable ma yana da ƙarfen balas iri biyu, na inci 5 da na inci 6, ana kwance ɗaya a ɗaura ɗaya. Idan naka irin wannan ne kuma ka sauko zuwa 125, duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen.

Soso ma yana cikin lissafin. Wanda ya sha man folish ya ninka nauyinsa na farko, shi ya sa injin da ya fara sumul da safe yake komawa yana girgiza bayan fanel uku. Ba faifan ba ne a nan, soson ne ke neman canji. Mota ɗaya tana buƙatar soso huɗu zuwa shida a zagayen gurza, ana canzawa ana barin na baya ya huce.

Faifai da soso su yi daidai

Ƙa'idar ita ce soso ya ɗan fi faifai faɗi, kuma ƙyallen da ke bayan soson ya rufe ƙarangiyar faifan, wato fuskarsa mai ƙugiyoyi da ke kama soso, gaba ɗaya. Faifan 125 na tafiya da soson inci 5 da rabi, wato wajen milimita 135 zuwa 140. Na 150 na tafiya da soson inci 6 da rabi, wajen 160 zuwa 165. Na 75 kuma da soson 80 zuwa 90. Abin da ake so shi ne ragowar soso na milimita 3 zuwa 7 a kewaye, ya zama matashi tsakanin bakin faifan da fenti.

Idan faifai ya kai soso faɗi ko ya fi shi, ranar da ka matsa kusa da madubi ko hannun ƙofa, bakin faifan zai daki fenti yana gudun dubbai a minti. Wannan rauni ba folish ke gyara shi ba. Idan kuma soso ya fi faifan da yawa, misali soson 165 a kan faifan 125, gefen ba shi da abin da ke danna shi, sai ya riƙa lanƙwashewa, tsakiya kaɗai ke aiki, bakin faifan kuma yana yanka ƙyallen bayan soson a zagaye har ya ɓalle.

A kula da yadda kamfanoni ke rubuta girma. Wasu fuskar soson suke aunawa, wasu bayansa. Sosan Rupes gefensu a karkace yake, wanda aka rubuta 130/150 bayansa 130 ne fuskarsa 150, na faifan 125 ne ba na 150 ba. Wanda ya ga 150 a leda ya ɗora shi a kan faifan 150, ƙarangiya za ta leƙo ta kowane gefe. Ka auna bayan soson da rula, ko ka tafi shago da faifanka a hannu.

Jikin faifan

Faifai mai kyau hawa uku ne: farantin baya mai tauri na fiba ko nailan, sai roba mai ɗan laushi da aka zuba a kai, sai ƙarangiyar da ke kama soso, wadda aka fi sani da sunan Velcro. Riƙe shi ka danna bakinsa da babban yatsa. Ya kamata tsakiya ta ƙi motsi sam, baki kuma ya ɗan ba da kai ya dawo. Mai tauri har baki ya fi isar da ƙarfin injin, ya fi ci a wuri shimfiɗaɗɗe, shi ya dace da soson maikirofaiba da na ulu. Mai laushin baki ya fi bin lanƙwasar motocin zamani, ya fi yafiya a kan layukan jiki inda fenti ya fi siranta. Mai faifai ɗaya tak ya ɗauki matsakaici. Wanda yake lanƙwashewa gaba ɗaya kamar silifa kuwa a bar shi, laushin na shanye shawagin kafin ya kai ga fenti.

Siririn faifai ya fi mai kauri, saboda yana kusantar da soso ga boris, injin ya fi zama a hannu. Bakin da aka sassaƙe a karkace ya fi shiga ƙarƙashin madubi da gefen gilashi.

Ramukan da ake gani a wasu faifan asalinsu na injin sanfefa ne, don zuƙe ƙura, amma a aikin folish suna taimakawa wajen fitar da zafi. Zafin DA ba a fuskar soso yake farawa ba, a bayansa ne, inda ƙarangiya da ƙyalle ke gogar juna a kowane shawagi, kuma a tsakiya ya fi taruwa. Shi ya sa soso ke lotsawa a tsakiya kamar an danna shi da ƙasan kofi. Faifai mai rami a tsakiya da ramuka a kewaye, tare da soso mai rami a tsakiya, yana rage wannan sosai. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ba ado ba ne. Motar da ta sha rana a watan Afrilu jikinta ba ya taɓuwa da hannu, idan aka ƙara mata zafin inji manne ƙarangiyar ne zai fara saki. A shigar da mota inuwa, a bar ta ta huce tukuna.

Ita kanta ƙarangiyar iri biyu ce. Akwai gajeriya mai laushi kamar gashin karammiski, ta takardar sanfefa ce, ba ta riƙe soso mai nauyi da kyau, yana zamewa yana haifar da zafi. Akwai mai dogayen ƙugiyoyi da za ka ji suna kama yatsa, ita ce ta soso. Faifan sanfefa na iska da yawa zarensu 5/16-24 ne, suna hawa injin folish daidai, shi ya sa ake ruɗewa. Manna soso ka ja shi gefe, ba sama ba. Idan ya motsa, ba zai yi ba.

Duba kuma iyakar gudun da aka buga a bayan faifan. Ya zama ya haura gudun injinka, Porter Cable 7424XP misali yana kaiwa 6,800 a minti. Faifan da ba a rubuta masa komai ba, babu wanda ya tsaya masa.

Ɗaurawa da gwaji

Zare wayar daga wuta, ko cire batir. Goge bakin sandar da bayan faifan. Saka wosha. A injin 5/16, zura siririyar sifanar da ta zo da injin tsakanin faifai da murfi ta kama sandar, murɗa faifan da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara ɗan ƙarfi kaɗan, shi ke nan. Ba a buƙatar ɗaurin tayar mota. A injin M8, tabbatar gurbin ya zauna a kan sandar kafin ka sa kusa, juya faifan a hankali har ka ji ya faɗa, sannan ka ɗaure da alanki. Wanda ya ɗaure faifan bai faɗa gurbinsa ba zai ga yana rawa, kuma kusar za ta kwance ana tsakiyar aiki.

Kafin ka kunna, juya faifan da hannu ka kalle shi ta gefe. Bakinsa ya tafi a layi ɗaya, ba hawa da sauka, ba kuma ƙarar gogayya in ban da robar da aka yi don haka. Sai ka ɗauki alƙalamin maka ka ja layi baƙi mai kauri a bayan faifan daga tsakiya zuwa baki, ko fari idan faifan baƙi ne. Wannan layin shi ne idonka. Yayin aiki, muddin kana ganinsa yana zagayawa, soso na ci. Idan ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya, sassauta dannawa, ko ka gyara riƙo soson ya kwanta, ko ka ƙara gudu.

Ɗora soso a tsakiya daidai. Karkacewar milimita 3 ta isa ta kawo jijjiga. Kunna injin yana kan fenti, kashe shi yana kan fenti. Bayan fanel na farko cire soson ka taɓa tsakiyar faifan da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi. Idan ba za ka iya barin yatsa a kai ba, akwai matsala: ko wosha babu, ko gudu ya yi yawa, ko ƙarangiyar ba ta kama ba, ko boris ya fara mutuwa. Sake duba ɗaurin kusar bayan wannan zagayen na farko, sabon faifai kan ɗan saki idan ya ji zafi.

Lokacin canji

Faifai kayan ƙarewa ne kamar birki. Alamominsa a bayyane suke: ƙugiyoyin tsakiya sun kwanta sun yi santsi ko sun narke, ƙarangiyar ta fara ɗagowa daga baki, robar ta tsattsage ko tana marmashewa idan an murza, kusar tana motsi a cikin farantin, ko faifan ya karkace bayan injin ya faɗi ƙasa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a sauke shi. Kada a manne ƙarangiyar da ta saki da gam mai saurin kamawa, yana bushewa ya yi tauri, zafi da jijjiga su fasa shi, soso ya tashi faifai ya sauka a kan fenti tsirara.

Wajen cire soso, sa yatsa tsakanin ƙyallen da ƙarangiyar ka ɓare a hankali, kuma ka jira ya ɗan huce, don manne yana da rauni idan yana da zafi. Busasshen man folish da zaren da ke maƙalewa cikin ƙugiyoyi a cire su da buroshi mai tauri ko iskar kwamfireso, kada a wanke da fetur ko tina, suna cin roba da manne. Idan an tashi aiki, a kwantar da injin a bayansa faifan na kallon sama, domin wanda aka bari ya kwana a jingine a kan bakinsa yakan lotsa ta gefe ɗaya, washegari a same shi yana rawa.